Inna Turai a Bango

Magarya, farkon watan Mayu

Zuwa ga Kawu Tsoho, Garin Goni ta Dungas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Turai da ɗanku Alkasim da matarsa Balki da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya hana kowa sakat. Maigidana yana gaishe ku.

Kawu, ni ce Surayya, ɗiyar marigayiya Zulai taubashiyarka. Rabona da ku tun zaman makokinta, kuma na san ban kyauta ba. Na kira Alkasim don mu gaisa da kai, sai ya ce kunnenka ba ya shiri da salula, amma idonka garau yake, kuma karatun da ka yi a lakwal, makarantar manya, bai gudu ba. Shi ya sa na rubuto, na ba Sirajo mai kabu-kabu ya kawo maka.

Yanzu ina koyar da ƙananan yara a jardan, waɗanda ba su isa shiga aji ɗaya ba. Kwanan baya na buɗe musu wani littafi da aka aiko mana daga waje, na nuna musu hoton saniya. Suka yi caa, suka ce ba saniya ba ce. Wai ina tozonta, ina ƙahonta? Na yi rantsuwa har na gaji, ba su yarda ba. Tun daga ranar na ƙudura zan yi musu littafi da hotunan abin da suka sani, hoto babba, rubutu layi ɗaya a ƙasa. Zan fara da hatsi: yadda ake shuka shi har ya zama fura a ludayi. Ƙungiyarmu ta malaman lakwal ta ce in na gama za ta kai a buga a Damagaram.

Mama takan ce duk ƙasar Dungas babu mai damun fura irin na Inna. To, in kun yarda, da zarar an yi ruwan shuka zan zo in ɗauki Inna Turai, da gonarka, da rumbu, da turmi, har da jakin in yana nan.

Ɗiyarka,
Surayya

Garin Goni, tsakiyar Mayu

Zuwa ga ɗiyata Surayya.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Innarki tana nan da ƙarfinta, ni ma haka, in ban da gwiwa da ke yi mini tsiya in zan tashi daga sallah. Allah ya ji ƙan Zulai. Da na ga rubutunki sai da ta faɗo mini a rai, don ita ce take tsokanata wai ba zan taɓa iya rubuta sunana ba.

Na karanta wa mutanen gida a tsakar gida. Da na zo wurin da kika ce za ki ɗauki Inna, sai ta ajiye tsintsiya ta ce, “Ta ɗauke ni ta kai ni ina? Wa zai kula da awakina?” Ni kuma na ce jakin dai na yafe miki, don ba ya aikin komai sai kuka, amma gona ban san yadda za ki ɗaure ta a bayan babur ɗin Sirajo ba. Balki ta yi ta dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta ce mana hoto kike nufi.

Mun yarda. Gida naki ne. Yaran naki kuma suna da gaskiya, saniyar da ba ta da tozo ni ma ba zan saye ta ba.

Gabas ta fara haɗa baƙi da yamma. Ki zauna a shirye, don hatsi ba ya jiran malamar lakwal. Ranar da aka yi ruwa zan sa Alkasim ya kira ki.

Kawunki,
Tsoho

Magarya, cikin watan Agusta

Kawu, barka da damina. Ina fatan gwiwar ta yi sauƙi, kuma kana shafa man da na bari. Na iso gida lafiya, furar da Inna ta ƙunso mini kuwa maƙwabta sun kusa yin faɗa a kanta.

Zuwana uku ke nan cikin wannan bakans, wato babban hutun lakwal, kuma na samu shuka, na samu noma, na samu hatsi ya fidda kai. Amma akwai abin da ya wuce ka ranar da ka tafi kasuwar Dungas, kuma na san Inna ba za ta ba ka labari daidai ba.

Na ce mata yau daka za mu ɗauka. Ta shiga ɗaki ta daɗe, sai ga ta ta fito da atamfar Sallah, da mayafi mai ƙyalli, da awarwaro har gwiwar hannu. Ta riƙe taɓarya kamar mai riƙe da sandar wani, ta tsuke baki, ta ƙi motsi. Na ɗauka don kada ranta ya ɓaci. Da rana ta yi, ta gaji da kwalliyar, ta koma tsohon zanenta, ta kama aikinta na gaskiya. Ta yi surfe, ta yi bakace, ta dafa, ta kirɓa, ina biye da ita. Tana cikin cura furar sai jakin nan ya zuro kai ta kan danga ya saci dunƙule guda daga faifai. Inna ta ɗaga ludayi za ta kwaɗa masa, sai dariya ta ƙwace mata. A daidai nan na danna kyamara.

Kawu, ban taɓa ɗaukar hoto mai kyau irin wannan ba.

Saura girbi da ɗaurin dami da zubawa a rumbu. A gaishe da Inna da su Balki.

Surayya

Magarya, farkon Nuwamba

Kawu, ina gaisuwa. Kada hankalinku ya tashi da abin da Sirajo zai faɗa muku. Gaskiya ne mun faɗi a yashi ranar da nake dawowa daga ɗaukar girbi, amma targaɗe ne kawai a idon sawu. Likita ya ɗaure, ya ce kada in hau babur sai ya ba ni izini. Da sanda nake zuwa aji, yara suna bina a baya suna kwaikwayon tafiyata.

Ga albishir. Mutanen Damagaram sun ga hotunan, sun yaba ƙwarai, sun ce za su buga kafin ƙarshen shekara. Sunan littafin *Daga Gona zuwa Ludayi*. Babban albishir ɗin kuma na Inna ne: ita za a sa a bango! Hoton nan na dariya, babba, yadda kowa zai hango ta tun daga nesa, daga nan Magarya har Damagaram.

Ka gaya mata, ka kuma rubuto mini abin da ta ce. Na ƙagara in ji.

Surayya

Magarya, farkon Disamba

Kawu, lafiya kuwa? Ina fatan ba ciwo ne ya kwantar da wani ba. Ƙafata ta yi sauƙi, amma har yanzu ba a sake ni in hau babur ba, da tuni kun gan ni.

Kasuwar Dungas ta ci ta sake ci, kullum Sirajo hannu biyu yake dawowa, ba amsa. Na tsare shi jiya, ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya ce da ya je gidan Inna ta amsa sallamarsa daga ɗaki, ba ta fito ba, ba ta kuma ce a gaishe ni ba. Na kira Alkasim, ya ce shi ba ya shiga maganar manya.

Kawu, in laifi na yi, a faɗa mini. Ba ni da uwa yanzu, kuma a watannin nan na saba da zama kusa da Inna har na fara mantawa da hakan. Masu bugawa suna ta kirana, na ce su dakata. Ba zan bari a taɓa komai ba sai na ji daga gare ku.

Ɗiyarka,
Surayya

Garin Goni, Disamba

Ɗiyata Surayya, sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, ba mai ciwo. Mun ji zancen ƙafarki, Allah ya ƙara sauƙi. Na yi shiru ne don ban san yadda zan rubuta miki ba tare da na ɓata miki rai ba, amma takardarki ta jiya ta hana ni ci gaba da shirun.

Innarki ta yi fushi, kuma ni ma ban ga laifinta ba. Da na karanta mata cewa za a sa ta a bango kowa ya hango ta, sai ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta fito ta ce, “Malam, ni za a liƙa a bango kamar mai neman ƙuri’a?” Kin san lokacin zaɓe ta ga hotunan da aka manna a bangon kasuwar Dungas. Akwai na wata mata da yara suka yi wa gemu da gawayi, akuya kuma ta cinye rabin fuskar. Ta ce ita matar aure ce mai jikoki, ’yan’uwanta maza suna zuwa Magarya cin kasuwa, ba za su zo su tarar da ita a bakin titi baki buɗe, da giɓi, da tsohon zane, ana nuna ta da yatsa ba. Ta ce ta ɗauke ki ɗiya, ta bar ki kin shiga har madafarta, ba ta zaci haka daga gare ki ba. Ta yi kuka, Surayya, kuma Innarki ba mai saurin kuka ba ce.

Saƙonta shi ne a cire ta daga littafin gaba ɗaya. Na ce mata in an cire ta me ya rage, daga ni sai jaki? Ba ta yi dariya ba.

Na faɗa miki yadda abin yake. Ke kika san aikinki, amma ki duba.

Kawunki,
Tsoho

Magarya, washegarin samun takardarka

Kawu, na gode Allah da kowa yake lafiya. Na karanta takardarka a tsaye a ƙofar aji, na rasa ko in yi kuka ko in yi dariya.

Ba bangon gini ba ne! Bangon littafi nake nufi, wato fatar nan mai kauri da ke rufe shi gaba da baya, irin wadda ke jikin littafin karatunka. Ba mai liƙa Inna a titi, ba mai manna ta a kasuwa. Littafin a hannun yara zai zauna, a cikin aji, sai kuma gidajen da aka saya wa ’ya’yansu. Murna ce ta sa na rubuta rabin magana. Ka ba ta haƙuri, ka ce na durƙusa, duk da ƙafar ba ta lanƙwasuwa.

Amma akwai abin da Inna ta faɗa wanda gyaran kalma bai share shi ba. Ban tambaye ta wane hoto take so ba, na zaɓa mata kawai. Ga hotuna biyu nan cikin leda, na sa an wanke su da girman da za su fito. Ɗaya na dariyar ne, ɗaya na atamfar Sallah. Ba zan ɓoye ba, na dariyar nake so, har raina. Amma fuskarta ce, ba tawa ba. In ta zaɓi na atamfa, shi za a sa. In ta ce ba ta son bangon sam, zan sa damin hatsi. In kuma har yanzu tana so a cire ta duka, zan cire, in gaya wa ƙungiya littafin bana bai yiwu ba. Gara in rasa shi da in rasa ƙofar gidanku.

Masu bugawa sun ce za su jira ni zuwa ƙarshen wata, daga nan su kama wani aikin.

Surayya

Garin Goni, ƙarshen Disamba

Surayya, wannan takardar ba tawa ba ce. Innarki ce ta zaunar da ni ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in ƙara kada in rage. Ga ta:

’Yar nan, ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki. Yaya ƙafar? Ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, ki daina yawo a kanta.

Na ji bayaninki. Na ce wa Malam shi da ya yi karatu, ya kasa bambanta bangon ɗaki da na littafi, ya bar ni wata guda ina kwana da baƙin ciki. (Ni Tsoho na ce: haka aka rubuta, haka na karanta. Ta ce in goge wannan. Ban goge ba.)

Hotuna sun zo. Da na ga na atamfa na ce yawwa, ga mace. Na dariyar kuwa na kife shi a kan tabarma. Na riga na gama shawara, sai Balki ta ce tunda littafin na yara ne, a nuna wa yara mana. Na ce a nuna, me yara suka sani? Aka kira ’ya’yanta biyu da na maƙwabta. Na ɗaga na atamfa na ce, “Wace ce wannan?” Suka yi tsuru-tsuru. Ƙaramar, Ummul Khairi, ta ce wai matar mai gari ce. Wani ya ce a’a, wata ce da aka yi wa rasuwa. Jikokina, ’yar nan, waɗanda nake goyo!

Sai Balki ta buɗe ɗayan. Kafin ta gama ɗagawa suka fasa ihu, “Inna! Inna ce! Ga ludayinta!” Ummul Khairi ta fizge shi ta ruga waje tana nuna wa awaki. Da ƙyar aka karɓo shi, ya ɗan yage a gefe, ki yi haƙuri.

Na zauna na dube shi da kyau. Giɓin dai yana nan, ba ƙarya kika yi mini ba. Zanen ma nawa ne. To, a sa shi. Amma da sharaɗi: ki sa na atamfar a ciki, ko a can ƙarshe ne, don ’yan’uwana su san ina da sutura.

Maganar rasa ƙofar gida kuma kada in sake jin ta. Fushi na yi, ba korar ki na yi ba. In ƙafa ta warke ki zo, nono ya yi arha.

Innarki, Turai.

Ni ma Tsoho ina gaisuwa. Hannuna ya gaji.

Magarya, farkon Janairu

Inna, Kawu, ina gaisuwa da babbar murya. Likita ya kwance ƙafa, na jefar da sanda. Na kira Damagaram tun kafin in gama karanta takardarku, sun ce sun kama aiki. Na atamfa zai zauna a shafin ƙarshe shi kaɗai, a ƙasa an rubuta: “Inna Turai ta gama aiki, ta yi kwalliya.” A sumbatar mini Ummul Khairi. Da zarar littafi ya fito, naku ne zai fara barin Magarya.

Surayya

Garin Goni, cikin watan Maris

Ɗiyata Surayya, sallama. Muna lafiya, gwiwa ma ta yi mini sassauci kwanan nan. Ina fatan ke da maigidanki da yaran ajinki kuna lafiya.

Sirajo ya kawo littattafai, ya shigo gari yana ta danna ƙaho kamar ya ɗauko amarya. Kafin la’asar gidanmu ya cika. Innarki ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora littafin a cinya, yara suka kewaye ta. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ba ta nemi taimakona ba. Tana buɗe shafi tana ba su labari: wannan ranar ce kaza, a nan hayaƙi ya shiga mini ido, wannan turmin na uwata ne. Da ta zo shafin daka na ce bari in karanta mata abin da kika rubuta. Na karanta: “Inna tana daka.” Ta jira. Na ce shi ke nan. Ta ce, “Aikin da na yi tun hantsi har azahar, abin da ta samu ta faɗa ke nan?” Ta karɓe littafinta ta ci gaba da nata.

Yayanta ya zo daga Bande takanas. Ya daɗe yana duban bangon, sannan ya ce rabon da ya ga ta yi irin wannan dariyar tun suna yara. Ya roƙi guda ya tafi da shi. Nata kuwa ta naɗe shi a mayafi ta sa cikin kwallar da take ajiye kayan aurenta, ba mai taɓawa sai ya wanke hannu.

Yanzu saura ƙorafina. Na bi littafin nan daga farko har ƙarshe, na sake bi. Inna ta fito, Balki ta fito, Alkasim ya fito da dami a ka, jaki ya samu shafi guda shi kaɗai. Ni mai gonar ban ga kaina ba. Sai a shafin shuka na ga wata ƙafa tana rufe rami da diddige, a ƙasa an rubuta: “Kawu yana rufe iri.” Na gane ta da kaushinta.

Na kai littafin ƙofar masallaci na nuna, aka ƙi yarda. Wakilin mai gari ya ce ƙafa ai ƙafa ce, ta kowa ma tana iya zama. Sai na tuɓe takalmi na ɗora ƙafata kusa da shafin. Aka sunkuya aka duba, liman da kansa ya gwada babban yatsa da babban yatsa, ya ce babu shakka tawa ce. Tun ranar yaran garin nan ba sa gaishe ni sai sun fara duban ƙasa.

Ban yi fushi ba, ƙafar ta fito da kyau. Amma na ji Balki tana cewa kina shirin yin na biyu a kan gyaɗa. Gonar gyaɗata tana nan, ƙofa a buɗe take. Roƙona ɗaya ne: wannan karon ki fara daga hula.

Kawunki,
Tsoho